Ba Yunwa Ce Ke Haddasa Gyambon Ciki Ba

Daga Gusau har Talata Mafara, da zarar mutum ya koka da zafi a saman ciki, sai a ce masa olsa ce, kuma zama da yunwa ne ya jawo ta. Yunwa da barkono suna iya tayar da raɗaɗin, amma ba su ne ke ƙwaƙule bangon ciki ba.

Mafi yawan gyambon ciki yana faruwa ne saboda wata ƙwayar cuta mai suna Helicobacter pylori, wadda likitoci biyu 'yan Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano, har aka ba su kyautar Nobel a shekarar 2005. Sanadi na biyu shi ne yawan shan magungunan kashe ciwo irin su diclofenac da ibuprofen, waɗanda manoma da 'yan kabukabu kan saya a kemis bayan gajiyar yini, wani lokaci ma a haɗa biyu a haɗiye.

Madara tana kwantar da zafin na ɗan lokaci kawai. Idan gwaji ya tabbatar da ƙwayar, likita kan rubuta haɗin magunguna na kimanin mako biyu, kuma wajibi ne a shanye su. Wanda ya yi aman jini, ko ya ga bayan gidansa ya yi baƙi ƙirin, ya garzaya asibiti nan take.