OpenWrt: ginawa da ɗora shi a kan rauta

OpenWrt tsarin aiki ne na Linux mai buɗaɗɗen tushe da ake sakawa a rauta, wato na'urar da ke raba intanet, a madadin famwayar da kamfani ya saka mata tun daga masana'anta. Famwaya ita ce manhajar da ke zaune a ma'adanar filash ta na'ura, tana tafiyar da ita da zarar an kunna. Aikin ya fara ne a shekarar 2004, bayan kamfanin Linksys ya saki tushen manhajar rautarsa WRT54G, saboda da Linux aka gina ta kuma lasisin Linux ɗin, GPL, ya wajabta sakin tushen. A 2016 wasu masu aikin suka ware suka kafa LEDE, a 2018 aka sake haɗewa da sunan OpenWrt.

Na'urar da ta dace

Kafin a taɓa komai sai an tabbatar da samfurin na'urar da lambar fitowarta, wadda ake bugawa a takardar da ke manne a ƙarƙashinta. Kamfanoni kan sauya kayan ciki su bar suna da akwati yadda suke. TP-Link Archer C7 misali ne: v2 da v5 sunansu ɗaya, amma kowacce da fayil ɗinta, v1 kuwa rediyonta na Wi-Fi mai 5 GHz ba ya aiki da direban da OpenWrt ke amfani da shi, wato manhajar da ke tafiyar da rediyon. Ɗora fayil ɗin da bai dace da na'urar ba yana iya kashe ta.

Girman ma'adana ma yana yanke hukunci. Na'ura mai filash 4 MB da RAM 32 MB an daina tallafa mata bayan fitowa ta 19.07. Abin da ake ba da shawara shi ne aƙalla filash 16 MB da RAM 128 MB. Rautoci masu rediyon Broadcom sukan tashi, sai dai Wi-Fi ɗinsu ko ya yi rauni ko ya ƙi gaba ɗaya, domin kamfanin bai buɗe direbobin yawancinsu ba. Na Qualcomm Atheros da MediaTek sun fi samun goyon baya.

Ginawa daga tushe

Ba kowa ke buƙatar wannan ba. Wanda ke son ƙara ko rage 'yan manhajoji kawai, Image Builder ya ishe shi, yana harhaɗa waɗanda aka riga aka gina cikin mintuna kaɗan. Ginawa daga tushe ta wanda zai sauya kanel ne, wato zuciyar tsarin aikin, ko ya gyara manhajar da kanta.

Ana buƙatar kwamfuta mai Linux, da fili a faifai na 10 zuwa 15 GB, da kayan aiki irin su gcc, make, git, python3 da ncurses. Sharuɗɗa uku ne za a kiyaye: kada a yi ginin da asusun root (asusun mai cikakken iko a tsarin), kada a sami tazara a sunan jakar aiki ko na jakunkunan da ke samanta, kuma tsarin faifan ya kasance mai bambanta manyan haruffa da ƙanana.

Ana kwafo tushen da git clone, sannan a koma kan tabbatacciyar fitowa da git checkout, domin babban reshe kullum cikin sauyi yake. Sai a jawo jerin ƙarin manhajoji da ./scripts/feeds update -a, a bi shi da ./scripts/feeds install -a. Umarnin make menuconfig ke buɗe allon zaɓi, inda ake saita Target System, Subtarget da Target Profile. Ga Archer C7, ath79 ne da generic, sannan samfurin da lambarsa. Kowace manhaja tana karɓar alama iri biyu: tauraro na nufin a cusa ta cikin famwayar, harafin M kuma a gina ta a ajiye a gefe. Mai son shafin sarrafawa na burauza, LuCI, dole ya sa masa tauraro, in ba haka ba rautar za ta tashi babu hanyar shiga sai SSH, wato shiga ta hanyar rubuta umarni daga kwamfuta.

Daga nan make download, sannan make -j da adadin ƙwaƙwalen kwamfutar. Karon farko yana iya cin sa'o'i, saboda sai an fara gina kayan fassarar da za su fitar da manhaja don ƙwaƙwalwar rautar, wadda galibi MIPS ce ko ARM. Idan ginin ya tsaya, a maimaita da make -j1 V=s, shi ke nuna ainihin layin da ya faɗi. Sakamakon yana cikin bin/targets. Idan ginin ya kammala amma fayil ɗin na'urar bai fito ba, yawanci an cika manhajoji ne har ya fi ƙarfin filash ɗin.

Filashin

Filashin shi ne rubuta famwayar a ma'adanar filash ta rautar. Fayil biyu ke fitowa ga yawancin na'urori. Mai ɗauke da kalmar factory na karon farko ne, ana loda shi ta shafin sabunta famwaya na kamfanin. Mai kalmar sysupgrade na rautar da ta riga ta koma OpenWrt ne. Ana auna fayil ɗin da sha256sum a gwada da lambar da ke cikin sha256sums, domin fayil da ya sauka rabi yana iya kashe na'ura. A haɗa kwamfuta da rauta ta kebul, ban da Wi-Fi. Inda wutar lantarki ba ta da tabbas, a jona rautar a inbata ko UPS: rubutun ba ya wuce 'yan mintuna, amma ɗauke wuta a tsakiyarsa kan bar filash ɗin rabi a goge.

Bayan ta tashi, adireshinta 192.168.1.1 ne, asusun root ba shi da kalmar sirri, Wi-Fi kuma a kashe yake har sai an kunna. Sabuntawa ta gaba, a tura fayil zuwa /tmp, wanda ke cikin RAM, a ba da umarnin sysupgrade. Ƙara -n yana goge tsofaffin saituna. Zaɓin -F yana tsallake binciken da ke hana fayil ɗin wata na'ura shiga, don haka idan sysupgrade ya ƙi fayil, a koma a duba fayil ɗin maimakon a tilasta.

Idan ta ƙi tashi

Matuƙar manhajar tayar da na'ura, wadda galibi U-Boot ce, tana nan lafiya, rautar ba ta mutu ba. Matsalar saiti ita ce mafi sauƙi. Ainihin tsarin yana cikin squashfs, wani tsarin fayil da ba a rubutu a kansa, sauye-sauyen mai amfani kuma suna wani ɓangare dabam. Danna maɓalli lokacin da fitila ta fara ƙyaftawa yayin tashi yana shigar da ita yanayin gyara, wato failsafe, a shiga ta SSH a ba da firstboot, komai ya koma yadda aka ɗora shi.

Idan famwayar ce ta lalace, sai TFTP, wata hanya mai sauƙi ta tura fayil daga kwamfuta zuwa rauta ta kebul. A Archer C7 ana ba kwamfuta adireshin 192.168.0.66, a ajiye fayil da sunan da U-Boot ke nema, a danne maɓallin reset yayin kunnawa, rautar ta jawo fayil ɗin da kanta. Adireshi da suna sun bambanta daga na'ura zuwa na'ura. Mataki na gaba buɗe akwati ne a haɗa adaftar USB ta siriyal mai 3.3 V a wuraren haɗi na GND (ƙasa), TX (aikawa) da RX (karɓa) da ke kan allon rautar, a gicciye TX da RX, gudun yawanci 115200. Ba a jona wayar wuta ta adaftar, kuma adafta mai 5 V tana iya ƙona ƙwaƙwalwar.

Idan U-Boot ɗin kansa ya goge, sai a rubuta filash ɗin kai tsaye da na'urar rubuta filash irin CH341A da matsin SOIC8, wanda ke kama ƙafafun filash ɗin. A nan kwafin ɓangarorin filash da aka ajiye tun farko yake da amfani. Rautocin Atheros suna da ɓangare mai suna ART, mai girman 64 KB, da ke riƙe da ma'aunin rediyon da aka yi wa wannan na'urar a masana'anta. Umarnin cat /proc/mtd yana nuna ɓangarorin, kuma ana iya kwafe kowanne ta LuCI. ART na wata rautar iri ɗaya yana iya tayar da Wi-Fi, amma ƙarfin siginar ba lallai ya koma daidai ba, shi ya sa ake kwafe ART da U-Boot a ranar da OpenWrt ya fara tashi, a ajiye su a wajen rautar.