Koyar da Matasa Harbin Bindiga na Wasanni

Koyar da matasa harbin bindiga na wasanni tsari ne da ƙungiyoyin wasanni, makarantu da ƙungiyoyin matasa ke gudanarwa a ƙasashe da dama, inda ake koya wa yara maza da mata, galibi daga shekara 12 zuwa 18, harbin takardar saiti a keɓaɓɓen fili a gaban malami mai izini. Kusan ko'ina ana farawa ne da bindigar iska, wadda ba ta aiki da albarushi. Harbi yana cikin wasannin Olamfik tun zagayen farko na zamani da aka yi a Atina a 1896, kuma hukumar da ke kula da shi a duniya, ISSF, an kafa ta a 1907, hedikwatarta tana Munik ta ƙasar Jamus.

Yadda tsarin yake a wasu ƙasashe

Jamus ta rubuta shekarun farawa a cikin dokar makamanta: ɗan shekara 12 zai iya harba bindigar iska a filin ƙungiya da yardar iyayensa, ƙaramar bindiga mai harsashi kuwa sai ya kai 14, kuma duk a gaban mai sa ido. Waɗanda ba su kai ba akan ba su bindiga mai fitar da haske kawai. A Siwizalan, birnin Zurik yana gasar harbi ta matasa kowane watan Satumba, wadda aka buɗe wa 'yan mata a 1991. A Amurka akwai shirin harbi na ƙungiyar matasan karkara ta 4-H, da kuma shirin koyar da fararen hula harbi mai suna CMP, wanda asalinsa ya koma 1903.

Tsarin Faransa ne mai karatu a Garwa ko Njamena zai fi saurin samun littattafansa, saboda harshe. Tarayyar harbi ta ƙasar, FFTir, tana da makarantun harbi inda yaro ke hawa mataki-mataki, kowane mataki da launinsa, daga fari zuwa rawaya har zuwa sama, kuma sanin ƙa'idojin tsaro yana cikin abin da ake dubawa kafin a ɗaga shi gaba.

Bindiga da takardar saiti

Bindigar iska ta gasa tana tura ɗan ƙwayar dalma mai faɗin milimita 4.5, nauyinsa kusan rabin giram, mai siririn ƙugu kamar kalangu, kuma wannan siffar ce ke sa ya tafi a miƙe. Nisan harbi mita 10 ne. Nauyin bindigar ba ya wuce kilo 5.5 a dokar gasa. Tsakiyar takardar, inda ake samun maki goma, ɗigo ne mai faɗin rabin milimita, wanda mai harbi ba ya ma ganinsa daga inda yake tsaye. Abin da yake gani shi ne baƙin da'ira, sai ya daidaita ta a tsakiyar zoben saitin bindigarsa. A manyan gasa ana harbi 60 a zagayen share fage, ana kuma lissafa maki har da ɓurɓushi, mafi girma 10.9. Wannan fanni ya shiga Olamfik a 1984. Wanda ya ƙware yakan wuce zuwa bindiga mai ƙaramin harsashi na milimita 5.6 a nisan mita 50, inda ake harbi a durƙushe, a kwance rub da ciki, da kuma a tsaye.

Fanni ne da ƙarfin jiki ba ya ba da fifiko sosai, shi ya sa matasa ke kai wa ƙololuwa. Ban Hyo-jin ta Koriya ta Kudu tana da shekara 16 lokacin da ta ci zinare a harbin bindigar iska a gasar Olamfik ta Faris ta 2024.

Ƙa'idojin tsaro

Darasin farko ba a yin harbi a cikinsa. Ana koya wa yaro ya ɗauki kowace bindiga a matsayin mai ɗauke da harsashi ko da shi da kansa ya duba ta, kada bakinta ya fuskanci mutum ko da wasa, yatsansa ya nisanci kunama sai ya daidaita saiti, kuma ya san abin da ke bayan abin da zai harba. Ga yaron da ya tashi a gidan Musulmi, ƙa'ida ta biyu ba baƙuwa ba ce, domin hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ya hana mutum nuna ɗan'uwansa da makami.

A fili mai tsari, ana zura wata igiyar roba mai launi mai haske ta cikin bututun bindigar iska har ta leƙo ta baki, yadda malami zai gane daga nesa cewa babu komai a ciki. Ba a cire ta sai an ba da umarni. Umarnin kaɗan ne, a ɗura, a fara, a tsaya, amma na ƙarshen ya fi kowanne nauyi: duk wanda ya ga haɗari yana da ikon furta shi, ko da shi ne mafi ƙanƙanta a wurin, kuma da an ji shi kowa zai ɗauke yatsa daga kunama. Ba mai tsallaka layi zuwa wajen takardu sai an ajiye bindigogi duka a buɗe. Bayan darasi ana wanke hannu da sabulu kafin a ci wani abu, domin dalma guba ce da ke taruwa a jiki, kuma ta fi yi wa ƙwaƙwalwar yara illa.

Sai bayan wannan ake shiga harbin kansa. Mai koyo yakan fara a zaune, bindiga a kan matashi, har idonsa ya saba da saiti. Daga nan ya koyi tsayuwa, da sakin rabin numfashi ya riƙe sauran, da matsa kunama a hankali ba da fizga ba, da ci gaba da riƙe saiti na ɗan lokaci bayan ƙwayar ta fita. Yaro mai gaggawa yakan sha wahala a makonnin farko fiye da mai rauni.

Batun a arewacin Kamaru da Chadi

A wannan yanki bindiga ba baƙuwa ba ce. Maharba sun daɗe suna koya wa 'ya'yansu ɗura bindigar toka, kuma ana jin ƙararta a hawan sallah a fadojin lamiɗo. Sai dai wannan koyon gado ne, babu fili keɓaɓɓe, babu takardar izinin malami, kuma bindigar toka da maƙeri ya haɗa tana iya fashewa a hannun mai ita idan albarushi ya yi yawa.

Abin da ya fi nauyi shi ne halin tsaro. Tun 2014 lardin Arewa Mai Nisa da yankin Tafkin Chadi ke fama da Boko Haram, wadda ta sa yara ɗaukar makami, ga kuma 'yan tare hanya da masu satar mutane a dazuzzukan kan iyaka. Uban da aka ce masa za a koya wa ɗansa harbi a Marwa ko Kusiri yana da hujjar yin tambaya, kuma jandarma ma zai yi. Kamaru tana da dokar makamai mai lamba 2016/015 ta 14 ga Disamba 2016, wadda ta sa mallakar bindiga da harsashi ƙarƙashin izinin hukuma, sannan ita da Chadi suna cikin Yarjejeniyar Kinshasa ta 2010 kan taƙaita yaɗuwar ƙananan makamai a Afirka ta Tsakiya. Don haka shirin matasa a nan ba zai tsayu a hannun mutum ɗaya mai kyakkyawar niyya ba. Yana buƙatar ƙungiya mai rajista, izinin hukuma a rubuce, sa hannun iyaye, da ma'ajiya mai kulle inda bindigogi ke kwana, ba a gidajen yara ba. Bindigar iska ta fi dacewa da wannan hali, tun da zaure mai tsawon mita 13 ko 14 da bango mai kauri da akwatin ƙarfe na tare ƙwayar dalma sun isa a buɗe fili, ba tare da an ajiye harsashi ko ɗaya a cikin unguwa ba.