Me ake nufi da "birkin hanji" a tallan man rage cin abinci?

Masu sayar da ƙwayoyin mai da wanda ake sha a cokali suna yawan cewa kayansu na kashe yunwa, wai don suna taka "birkin hanji". Birkin dai akwai shi. A 1984 masu bincike a Ingila suka bayyana shi: idan aka zura mai ta bututu har ƙarshen ƙaramin hanji, ciki yakan yi jinkirin sauke abin da ke cikinsa, motsin hanji ma ya lafa. Daga baya aka ga cewa wanda aka yi wa haka ba ya cin abinci da yawa.

Sai dai mai ba ya wannan aiki sai ya narke. Sinadarin lipase ne ke farfasa shi, sannan bangon hanji ya ji zuwansa ya saki sinadaran ƙoshi: CCK a farkon hanji, GLP-1 da PYY a can ƙasa. Su ne ke sanar da ƙwaƙwalwa cewa abinci ya isa. GLP-1 ɗin nan shi allurar Ozempic, maganin ciwon sukari mai rage yunwa, ke kwaikwaya, amma ƙarfin allurar da na cokalin mai, ko kusa ba su haɗu ba.

To yaya ake gane ko mai ya rage wa mutum ci? Mutum zai zo ɗakin gwaji da safe bai karya ba. A ba shi yogot, yau mai ɗauke da man, wata rana wanda babu, ba tare da ya san wanne ya sha ba. Lokaci-lokaci a miƙo masa takarda mai layi tsawon milimita 100, ya yi alama daidai inda yunwarsa ta kai. Bayan 'yan awoyi a jibge masa abincin da ya fi ƙarfin cikinsa, a auna farantin kafin ya sa hannu, a sake aunawa bayan ya ture shi.

A nan ne talla ke yin shiru. Giram ɗaya na mai kalori 9 ne (kalori shi ne ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki), alhali na sitaci ko furotin 4 ne. Babban cokali ɗaya na mai ya kai kusan kalori 120. A ce ka sha shi, da rana ka rage cin kalori 50. Yunwa ta ragu kam, amma abin da ya shiga jikinka ya ƙaru da 70. John Blundell na Jami'ar Leeds ya daɗe yana nuna cewa mai ba ya ƙosarwa gwargwadon kalorin da yake ɗauke da shi, furotin ya fi shi nesa ba kusa ba.

Man MCT, wanda ake cirowa daga kwakwa da ƙwarar manja, ya ɗan fita daban, domin daga hanji hanta yake wucewa kai tsaye, jiki ya ƙona shi da wuri. Gwaje-gwaje sun nuna yana ɗan rage cin abinci na gaba, amma fa yawanci da wani man ake gwada shi, ba da rashin shan komai ba. Idan ya yi yawa kuma yana murɗa ciki har da gudawa, kuma wanda zuciyarsa ke tashi ai dole ya ja hannu daga faranti. Wannan ba ƙoshi ba ne.

Wani mai da ake kira Olibra, haɗin manja da man hatsin ot, ya yi tashe bayan gwajin Jami'ar Ulster a 2000, amma wasu da suka maimaita ba su sami irin wannan sakamakon ba. Shi kuwa man kifi, ƙwaya ɗaya yawanci giram ɗaya ce, ta yi kaɗan ta taka wa hanji wani birki.