Babur na Musamman Ba Lallai Ya Fi Ƙarfin Inji Ba

An daɗe ana cewa samfurin musamman na matsakaicin babur marar rufin jiki ya fi na gama-gari ƙarfi da gudu, kuma tsadarsa ce ke sa mutane yarda da hakan. Sau da yawa ba haka abin yake ba. Yamaha MT-09 SP, alal misali, injinsa ɗaya da na MT-09, mai silinda uku da cc 890; daga cikin bambance-bambancen akwai fenti da na'urar shanye girgiza ta baya ƙirar kamfanin Öhlins, wadda mai tafiya a hanya mai gargada zai ji amfaninta a bayansa. Kafin ka biya, ka jera takardun bayanin samfuran biyu, ka kwatanta girman inji da nauyi. Don Allah a yaɗa wannan bayani ga masu shirin saye.