Bazara ta shigo: a fita kallon tsuntsaye, a bar danƙo a gida

'Yan'uwa manoma, daga watan Maris zuwa Afrilu, idan zafi ya kankama ruwan fadama ya janye, tsuntsaye kan taru a ɗan abin da ya rage, sai ganinsu ya yi sauƙi. Wanda ke kusa da Dagona a ƙasar Bade, ko Baturiya a Jigawa, ko tafkin Nguru, ya ɗauki 'ya'yansa bayan sallar asuba, su sami gindin itace su zauna shiru ko da rabin awa ne. Za su ji kirinjijiya na fito tun kafin su gan ta, ga dinya, ga zalɓe tsaye cikin ruwa kamar an dasa shi. Cikin ƙananan agwagin da ke wurin akwai ragowar baƙi daga Turai. Tun kaka suka zo, yanzu kitse suke tarawa don ƙetare Sahara. Irin waɗannan baƙi ne suka kawo Yarima Philip na Ingila har Dagona a 1989.

Suna tashi, shamuwa na isowa daga kudancin Afirka. Ita ce na fi so yara su sani. Ku dube ta da kyau a kan kuka ko tsamiya: baya baƙi, ciki fari fat, fuska da shuɗi-shuɗi, tana jido ƙirare ɗaya bayan ɗaya tana gyara sheƙa. Iyayenmu in sun gan ta sai su fara duba iri. Abincinta fara da tsutsa, wato masu cinye mana shuka, kuma ba ta karɓar ko sisi. Raina yana ɓaci idan na ga yaro ya auna ta da danƙo, manya na zaune ba wanda ya tsawata. Gauraka da ungulu ma da suna da yawa a ƙauyukanmu, yau sai an sha wuya a ga guda.

A gida kuwa, a zuba wa tsuntsaye ruwa a kasko a ajiye a inuwa, nesa da akurkin kaji, a riƙa sauyawa kullum.

Kallo da ido ake yi, ban da hannu. Murar tsuntsaye ta ɓulla a Najeriya tun 2006, kuma tsuntsayen ruwa na iya ɗauke da ita. In kun tarar da matacce ko mai layi, kada a taɓa, kada a kai tukunya, a hana yara da karnuka zuwa wurin, sannan a sanar da malamin dabbobi ko mai unguwa a ranar.