Hotunan Bugun Dutse na Garuruwan Bakin Kogin Misisipi

Hotunan bugun dutse masu launi na garuruwan bakin kogi zane-zane ne da aka riƙa bugawa a takarda ana sayarwa a Amurka cikin ƙarni na 19. Suna nuna fasalin gari daga tsallaken kogi ko daga sama, da kwatarsa da jiragen ruwan da ke tsaye a wurin. Sun fi yawa a garuruwan kogunan Misisipi da Ohayo da Misuri, irin su St. Louis, Cincinnati, Memphis, New Orleans, Davenport da Hannibal. A yau masana tarihi suna komawa gare su don ganin yadda waɗannan garuruwa suke kafin kyamara ta zama gama-gari, sai dai da taka-tsantsan, domin yawancinsu don talla aka yi su.

Yadda ake bugawa

Wani Bajamushe mai suna Alois Senefelder ne ya ƙirƙiro bugun dutse a Munich a 1796. Dabarar ta tsaya ne a kan abu ɗaya: mai da ruwa ba sa haɗuwa. Ana samun allon farar ƙasa mai santsi, wanda mafi kyawunsa daga Solnhofen ta Jamus ake haƙowa, a goge shi, sai mai zane ya yi zanensa a kai da alli mai maiƙo. Daga nan a shafe dutsen da ƙaro wanda aka ɗiga wa ruwan asid kaɗan. In za a buga, sai a jiƙa dutsen, ruwa ya kama inda ba zane, a mirgina tawada mai maiƙo ta kama zanen kaɗai, a shimfiɗa takarda a danne. Dole a yi zanen a juye, dama ta koma hagu, har da rubutun sunan garin. In an gama aiki sai a kankare dutsen a sa wani zanen.

Ba hanya ɗaya ake sa launi ba, kuma masu tara irin waɗannan hotuna suna kula da bambancin. Akwai wanda baƙi kawai aka buga, aka bi shi da fentin ruwa da hannu. Akwai wanda aka ƙara masa dutse ɗaya ko biyu don shuɗin sama da ruwan ƙasa na doron ƙasa. Sai cikakken bugun launi, wanda Godefroy Engelmann ya yi wa rajista a Faransa a 1837. Nan kowane launi da dutsensa, takarda ɗaya ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Wahalar aikin a daidaitawa take. In takarda ta goce ko da kaɗan ne, sai jan rufin gida ya zubo kan bango, shuɗin kogi ya hau gaɓa.

Masu zanen farko

Jirgi mai tururi na farko a waɗannan koguna ya tashi daga Pittsburgh a 1811 ya nufi New Orleans. Cikin shekara talatin da suka biyo baya ƙauyukan bakin ruwa suka zama kasuwanni, kowanne yana neman baƙi da jari.

John Caspar Wild, mutumin Suwizalan, ya zauna a Philadelphia da Cincinnati kafin ya koma St. Louis. A 1841 ya fara fitar da The Valley of the Mississippi Illustrated kashi-kashi, hotunan St. Louis da garuruwan kewaye tare da bayani. Ya rasu a Davenport a 1846.

Aikin da ya fi suna shi ne na Henry Lewis, haifaffen Ingila wanda ya fara da kafinta a St. Louis. A 1848 ya haɗa kwale-kwale biyu ya ɗora rumfa a kai, ya biyo kogin Misisipi daga Fort Snelling, wani sansanin soja a Minnesota, zuwa St. Louis yana zana duk garin da ya wuce. Niyyarsa ta farko ba littafi ba ce. Doguwar shimfiɗar yadi ya yi mai zanen kogin, ana warware ta a gaban 'yan kallo da suka biya kuɗin shiga, wani yana bayani. Ya zaga da ita Amurka da Turai, ya ƙare a Düsseldorf ta Jamus. A can kamfanin Arnz ya buga masa Das illustrirte Mississippithal kashi-kashi daga 1854, da hotuna 78 masu launi, da Jamusanci, a lokacin da Jamusawa ke ta ƙaura zuwa kwarin Misisipi. Kamfanin ya durƙushe ba da daɗewa ba, shi ya sa cikakkun kwafi suka yi wuya. Sai a 1967 ƙungiyar tarihi ta jihar Minnesota ta fitar da fassararsa ta Ingilishi. Lewis ya rasu a Düsseldorf a 1904.

Kamfanin Currier & Ives na New York, wanda ya ci gaba da aiki har 1907, ya fi karkata ga jiragen da kansu, musamman tserensu cikin dare wuta na fita daga bututun hayaƙi. Frances Palmer ce ta zana da yawa daga cikinsu. Yawanci da hannu ake sa musu launi, mata a jere a dogon teburi kowacce da launinta. An yi su ne don adon ɗaki, ba a dogara da su wajen sanin fasalin wani gari.

Kallo daga sama

Bayan yaƙin basasar Amurka, wanda ya ƙare a 1865, salon ya sauya. Aka daina tsayawa a tsallaken kogi, aka koma nuna gari kamar daga sama ake leƙensa, kowane titi da sunansa. Ba wanda ya hau sama. Mai zane yana shata titunan daga taswira, ya bi su da ƙafa yana zana gida-gida, sannan ya mayar da su kan babbar takarda. Albert Ruger, wanda aka haifa a Jamus a 1829, shi ne gwanin wannan salo, kuma a 1869 ya zana garuruwan jihar Misuri da dama, har da Hannibal.

Yadda ake neman kuɗin aikin shi ke bayyana kamannin hoton. Mai zane ko wakilinsa zai baje zanen fensir a otal ko kanti, jaridar gari ta yaba, mutane su zo su duba ko gidansu ya fito daidai. Wanda ke so sai ya sa hannu zai saya. In masu sa hannu sun kai, a aika zanen Chicago ko Milwaukee ko Cincinnati a buga. Mai masana'anta ko otal da ya ƙara kuɗi, a sa gininsa a gefen hoto ko a ba shi lamba a jerin sunayen da ke ƙasa. Wanda ya biya shi ke da ta cewa.

Mafi girman aikin wannan salo shi ne Pictorial St. Louis na Camille Dry da Richard Compton, wanda ya nuna birnin a 1875 cikin shafi 110, gini bayan gini, da gadar Eads da aka buɗe a 1874.

Abin da suke nunawa da abin da suke ɓoyewa

Kusan kullum kogi ne a gaban hoton. Jirage sun jeru a kwata kai na duban gaɓa, kowanne da dogayen bututu biyu. A kan gangaren da aka shimfiɗa wa duwatsu akwai ganguna da buhuna da amalanken doki, a garuruwan kudu kuma dilolin auduga. Bayan nan rumbunan ajiya na jan bulo, can sama hasumiyar coci da kubbar kotu. Hayaƙi ba abin kunya ba ne a waɗannan hotuna, shaida ce ta ana samun kuɗi, don haka mai zane ba ya rowarsa.

A kan gine-gine galibi ana iya yarda da su, tun da mai gida ba zai sayi hoton da aka rage wa gidansa bene ba. A kan sauran abubuwa kuwa sai an bincika. Ba taɓo a titi, ba shara, ba ambaliya. Jirage kan fi na ranar kasuwa yawa, wani lokaci a zana ginin da ba a gama ba kamar an gama. 'Yan dako da masu zuba itace a tukunyar jirgi, waɗanda da yawansu baƙaƙen fata ne, wasu ma bayi kafin 1865, ƙananan ɗigo ne kawai a bakin ruwa. Kasuwar bayi ta New Orleans, wadda ta fi kowacce girma a ƙasar, ba ita masu tallar birnin suke so a gani ba.

Bala'in da ya samu shiga shi ne gobara, don tana sayuwa. A daren 17 ga Mayu 1849 wuta ta tashi a jirgin White Cloud a kwatar St. Louis, ta cinye jirage 23 ta haura cikin gari, kuma Nathaniel Currier, wanda ya kafa kamfanin nan na New York, ya buga hotonta. Kwalarar da ta kashe dubban mutane a birnin a wannan shekarar ba ta samu irin wannan kasuwa ba.

A wannan zamanin ne kuma aka buga hotunan kogin Kwara da irin wannan dabara, amma don masu karatun Turai. William Allen ya fitar da nasa a Landan a 1840 daga zanen da ya yi a tafiyar 1832 zuwa 1833, kuma littafin tafiyar Heinrich Barth na 1857 zuwa 1858 yana da hotuna masu launi, ciki har da Kano daga kan Dala.

Ƙarshen sana'ar

Jirgin ƙasa ya ƙwace fasinja da kaya daga kogi, tsakiyar kasuwanci ta bar kwata ta koma tasha, hotunan ƙarshe-ƙarshe ma layin dogo suka fi haskawa. Buga hoton kyamara a jarida da katin gaisuwa ya yi arha, daga baya kuma aka fara ɗaukar hoto daga jirgin sama. Zuwa shekarun 1920 sana'ar ta mutu. Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka yana da babban tarin waɗannan hotuna, ya kuma sa da yawa a intanet. Masanin tsara birane John W. Reps ya tattara bayanin kusan 4,500 na Amurka da Kanada a kundin da ya fitar a 1984.