Kankare Gansakukar Gilashin Baya a Akwatin Murjani

Akwatin murjani akwati ne na gilashi da ake cikawa da ruwan gishiri domin kiwon murjani mai rai, da kifayen teku, da ƙananan halittun da ke zaune tare da su. Cikin ayyukan da ba sa ƙarewa ga mai irin wannan akwati akwai kankare gansakukar da ke tsirowa a jikin gilashi. Gilashin gaba da na gefe babu gardama a kansu, ta nan ake kallo, don haka ana goge su duk bayan kwana biyu ko uku. Na baya shi ne mai hukunci daban. Hannu ba ya isa gare shi cikin sauƙi, sannan masu kiwon su kansu ba su yi ittifaƙi cewa lallai sai an tsaftace shi ba.

Abin da ke kawo ta

Murjani dabba ce, amma yawancin nau'o'in da ake kiwo suna ɗauke da wata gansakuka mai ƙwayar halitta ɗaya a cikin tsokarsu, wadda ke sarrafa haske ta ciyar da su. Shi ya sa ake ɗora wa akwatin fitila mai ƙarfi, ta yi awa 8 zuwa 12 tana ci kowace rana. Hasken da ke raya murjanin shi ne kuma yake raya gansakukar da ba a gayyata ba. Ga ruwa mai ɗumi, digiri 24 zuwa 26 a ma'aunin Selshiyas, ga gishiri kimanin giram 35 a kowane kilo na ruwa kamar na teku, ga kuma taki: naitiret da fosfet da ke fitowa daga kashin kifi da ragowar abinci. A cikin teku waɗannan sinadarai kaɗan ne ƙwarai a wuraren da murjani ke tsiro, kuma masu cin gansakuka suna da yawa. A akwati mai lita 200 ko 300 kuwa, abin da ya shiga yana nan har sai an fitar da shi.

Ire-irenta

Wanda ya iya karanta gilashin baya zai gane halin da ruwansa ke ciki tun kafin ya ɗauko kayan gwaji. A makonnin farko bayan an haɗa sabon akwati, wata ƙura mai ruwan ƙasa ce ke fara lulluɓe gilashi da yashi. Sunanta dayatom, tana gina ɓawonta da silika, sinadarin da ke cikin yashi, kuma da ɗan yatsa ma tana gogewa. Idan silikar da ke cikin ruwan ta ƙare, ita ma takan ɓace da kanta. Bayanta sai koriyar shimfiɗa mai laushi, wadda ke dawowa kwana kaɗan bayan an goge ta.

Masu tayar da hankali su ne masu gashi, irin su Derbesia da Bryopsis, waɗanda ke yin dogayen zaruruwa su kama dutse su danne murjani. Akwai kuma wata jar yauƙi da ke shimfiɗuwa inda ruwa ba ya gudu sosai, tana riƙe kumfar iska a jikinta da rana. Ita wannan bakteriya ce mai sarrafa haske, ana kiranta sayanobakteriya, kuma tana ɗagowa falle guda idan aka zuƙe ta da tiyo.

Wadda ta fi ɗaukar lokacin mai kankara ita ce gansakukar alli, daga rukunin Corallinales. Tana cusa sinadarin kalsiyam kabonet a bangon ƙwayoyin halittarta, sai ta zama ɓawo mai tauri, launin shunayya ko ruwan hoda, kamar ɓawon da ke taruwa a cikin tukunyar da aka daɗe ana tafasa ruwan rijiya a ciki. Tana farawa ne da ɗigo-ɗigo masu faɗin kan ƙusa, su yi ta faɗi har su haɗe. Fitowarta alama ce mai kyau: tana nuna kalsiyam na wajen miligiram 400 zuwa 450 a kowace lita, magniziyam na wajen 1,300, kuma ruwan ya zauna daidai. A cikin teku ita ce ke liƙe ɓaraguzan murjani wuri guda, kuma 'ya'yan murjani da yawa a kanta suke sauka su kafu. Sau da yawa a tsakaninta za a ga ƙananan fararen ɗigo masu murɗewa. Gidajen wasu tsutsotsi ne masu tace ruwa, ba sa cutar da komai.

A kankare ko a bari

Masu kankarewa suna da hujja biyu. Ta farko ta ido ce: yawancin akwatuna ana yi musu baƙin fenti ko shuɗi ta waje a bayansu, kuma idan gilashin yana fes, launin murjani yakan fito sarai, akwatin ya yi kamar ya fi zurfi. Ta biyu ta lissafi ce: gansakukar alli tana shan kalsiyam da kabonet ɗin da murjani mai ƙashi ke buƙata, kuma bango guda cike da ita ba ƙaramin ci yake yi ba.

Masu bari kuwa suna kallon bangon a matsayin makiyaya. A cikin wannan shimfiɗa ƙananan ƙwarin ruwa ke hayayyafa, waɗanda kifin mandarin ya dogara da su kusan kacokan. Dodon koɗi ma a nan yake samun abinci. Sannan inda gansakukar alli ta riga ta mamaye, mai gashi ba ta cika samun wurin kafa tushe ba. Wasu ma da gangan suke sakin wani murjani mai laushi mai yaɗo, mai koren fure, ya lulluɓe bangon gaba ɗaya.

Ra'ayin da ya fi ƙarfi shi ne na tsakiya. Mai gashi da jar yauƙi a cire su ba tare da jinkiri ba. Ta alli kuwa zaɓi ne, sai dai wanda ya zaɓi gilashi fes ya riƙa binta tun tana ɗigo, don idan ta yi shekara ta kauri, aikin mintuna ya koma na yini.

Kayan aiki da yadda ake yi

Magogin maganaɗisu, wanda rabinsa ke ciki rabinsa ke waje, shi ne sarkin gilashin gaba. A baya ba ya cika amfani, domin akwatin yana jingine da bango, ko akwai ɗakin tace ruwa a bayansa, ko kuma rabin da ke waje zai ɓare fenti. Don haka ake komawa ga makankari mai doguwar ƙota, wanda ake zurawa daga sama ta bayan duwatsu. Masu dabara tun ranar jera duwatsu suke barin tazarar da hannu zai wuce tsakanin dutse da gilashi.

Bakin makankarin ya danganta da abin da aka ƙera akwatin da shi. Gilashin gaske yana jure wa reza ta ƙarfe marar tsatsa. Akwatin roba mai garai-garai, wato akrilik, ba ya jurewa ko kaɗan, sai baki na roba ko tsohon katin banki. Ana kwantar da rezar a karkace, a tura ta hanya ɗaya, ba a yi ta zirga-zirga da ita gefe da gefe ba. Abu biyu ne ke lalata akwati a wannan aiki. Ɗaya ƙwayar yashi ce da ta maƙale tsakanin magogi da gilashi, ta bar dogon karce da ba ya gogewa, shi ya sa ake tsayawa ɗan sama da yashi. Ɗayan kuma gam ɗin silikon ne da ya haɗa kusurwoyi. Idan reza ta shiga ƙarƙashinsa, ƙarshenta yoyo ne, don haka kusurwa sai da tsohon buroshin goge baki, a hankali. Da an gama a wanke rezar da ruwan daɗi a shanya ta, ko a jefar.

Matakin da ake yawan tsallakewa shi ne kwashe abin da aka kankaro, alhali shi ne ƙashin bayan aikin. Gansakuka ta riga ta shanye naitiret da fosfet a jikinta. Idan aka bar gutsattsarinta suna yawo, za su ruɓe su mayar wa ruwa takin, wasu kuma su sauka a kan dutse su sake tsiro. Saboda haka ake haɗa kankara da ranar canjin ruwa: a kashe injinan tura ruwa, hannu ɗaya na kankara, ɗaya na riƙe da tiyo yana zuƙe ɓaraguzan zuwa bokiti, sannan a canza ƙyallen tacewa bayan 'yan awanni. A kan wannan tunani Walter Adey na cibiyar Smithsonian da ke Washington ya gina hanyarsa a ƙarshen shekarun 1970, inda ake barin gansakuka ta tsiro a kan raga a wani wuri daban, a riƙa girbe ta a kai a kai don tsabtace ruwa.

Idan akwatin babu kowa a ciki, ruwan khal ko sinadarin tsamin lemo yana narkar da ɓawon alli bayan an jiƙa shi na wasu awanni. Sabulu, da soson wanke-wanke mai magani, da duk abin da ke da jan ƙarfe a jikinsa, ba sa kusantar akwatin murjani, domin jan ƙarfe ko kaɗan ne yana kashe dodon koɗi da jatan lande da murjani.

Lafiyar mai aikin ma abin kula ce. Wasu murjani na jinsin Palythoa suna ɗauke da dafin palitoksin, ɗaya daga cikin mafi haɗari da aka sani a cikin halittu, kuma ruwan akwati kan ɗauki bakteriyar Mycobacterium marinum da ke shiga ta rauni. Doguwar safar hannu wajibi ce ga wanda zai cusa hannu bayan duwatsu masu kaifi.

Dabbobin da ke taya aiki

Dodon koɗi na jinsin Trochus ya fi karɓuwa, saboda yana hawa gilashi yana lasar shimfiɗa, kuma idan ya faɗo a bayansa yana iya juyawa da kansa. Na jinsin Astraea yakan kasa juyawa har ya mutu, sai an taimaka masa. Na jinsin Turbo ya fi su ci, amma yana ture gutsattsarin murjanin da ba a liƙe da kyau ba. Bushiyar teku kuwa, wata dunƙulalliyar halitta mai ƙayoyi a duk jikinta, haƙoranta biyar suna iya kankare har gansakukar alli, ta bar farin layi duk inda ta bi.

Girman aikin waɗannan masu kiwo ya bayyana a tekun Karibiyan a 1983 da 1984, lokacin da wata annoba ta kashe fiye da kashi 90 cikin 100 na bushiyar Diadema antillarum. A Jamaika, inda kamun kifi ya riga ya rage kifaye masu cin ganye, gansakuka ta mamaye wuraren, murjanin da ya rufe kusan rabin ƙasan tekun a ƙarshen shekarun 1970 ya koma ƙasa da kashi 5 cikin 100 a farkon shekarun 1990, tare da ɓarnar guguwar Allen ta 1980.

A akwati ma dabbobin ba sa iya cinye abin da taki ya fi ƙarfinsu. Inda mai gashi ke dawowa kowane mako, gyaran yana wajen rage abincin kifi, da haɗa gishiri da ruwan da aka tace ma'adinansa tsaf, da canza wajen kashi 10 cikin 100 na ruwan duk mako ɗaya ko biyu, da sa garin ƙarfe mai shanye fosfet a cikin matatar ruwan. Sai dai ba a so a ƙarar da naitiret da fosfet gaba ɗaya, domin murjani yakan koɗe, kuma a irin wannan ruwa ne wata yauƙi mai dafi, dainofilajelet, ta fi samun damar yaɗuwa.